Biniam ya ci zango uku, me ya hana shi rigar rawaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran keke ne a Maraɗi, kuma tun da ɗan Eritiriyan nan Biniam Girmay ya fara tashe nake bin tseren Tour de France a waya. A 2024 da idona na ga ya zo na ɗaya har sau uku, aka sa masa koriyar riga. Amma da aka kammala sai aka ce Tadej Pogačar ne zakara, shi kuwa Biniam ko a goman farko babu sunansa. Wannan wane irin lissafi ne? Ko dai an danne masa hakki ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba a danne masa komai ba. Abin da ya rikita ka shi ne, hanya ɗaya ake bi amma ba abu ɗaya ake nema ba. Biniam da Pogačar tare suke tashi kowace rana, sai dai kowa da rigar da ya sa wa ido.

Tseren yana ɗaukar mako uku, zango 21, tafiyar kusan kilomita 3,500. A 2024 ƙungiyoyi 22 suka shiga, kowace da mahaya takwas, mutum 176 ke nan. Kullum ana rubuta lokacin da kowane mahayi ya ɓata, a haɗa da na jiya da na shekaranjiya. Wanda jimillarsa ta fi ta kowa ƙanƙanta shi ke sa rigar rawaya, wanda ya ƙare da ita ranar ƙarshe shi ne zakara. Ba a tambayar sau nawa ka zo na ɗaya.

To ga inda gizo ke saƙar. Ranar da hanya take shimfiɗe, mahayan sukan iso a dunƙule kamar ayari, kuma doka ta ce duk wanda ya shigo cikin ayarin lokaci ɗaya za a rubuta masa da na kan gaba. Biniam zai iya cin zango da tazarar da ba ta wuce faɗin taya ba, Pogačar ya shigo na arba'in, agogo ya ce kunnen doki suka yi. Abin da Biniam zai samu a kai bai wuce tukuicin daƙiƙa 10 da ake rage wa na ɗaya ba. Sau uku, daƙiƙa 30 ke nan. Da an shiga duwatsun Alps ko Pyrenees kuwa, a yini guda Pogačar zai iya ba shi ratar rabin awa. Haɗa irin waɗannan ranaku shida ko bakwai, ka ga yadda ratar ta zama ta sa'o'i.

Za ka ce me ya hana mai ƙarfi ya tsere wa ayari a shimfiɗaɗɗiyar hanya? Iska. Kai da ka san keke, ka san wahalar tuƙi idan iskar hunturu na bugun ƙirjinka. A gudun kilomita 45 cikin awa, yawancin ƙarfin mahayi a keta iska yake ƙarewa, wanda ya laɓe a bayan wani kuwa yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Shi ya sa mutum ɗaya ko biyar suka ɓalle, galibi ayari kan kamo su kafin ƙarshe, don su a can baya karɓa-karɓa suke yi. Masu irin jikin Biniam suna ɓoye ne a tsakiya yini guda, sai a mita 200 na ƙarshe su fito da gudun da yakan kusanci kilomita 70 cikin awa. A hawan dutse gudu ya ragu, laɓewa ba ta da wani amfani sosai, nauyin jiki shi ke magana. Cinyar da ta ba ka nasara jiya, yau kaya ce za ka hau da ita.

Don irinsu aka ƙirƙiro koriyar riga a 1953. Ita da maki ake cin ta: a 2024 na ɗaya a shimfiɗaɗɗen zango 50 yake samu, akwai kuma wasu makin a tsakiyar hanya. Kada ka raina ta. Ba za ka tafi gida da ita ba sai ka kai ranar ƙarshe, kuma kowane zangon dutse yana da wa'adin da idan ka wuce shi an sallame ka daga gasar baki ɗaya. Saboda haka masu gudun ƙarshe sukan haɗa nasu ƙaramin ayarin a can baya, suna lissafin mintoci don kada wa'adi ya cim musu. Biniam ya sha wannan duka har birnin Nice, inda aka rufe gasar a shekarar saboda Paris na shirin Olamfik. Shi ne baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zango a Tour, shi ne kuma ɗan Afirka na farko da ya tafi gida da koriyar riga. A ganina wannan ya fi zuwa na tara a jerin rawaya daraja nesa ba kusa ba.

Tarihi cike yake da irin abin da ya ɗaure maka kai. Mark Cavendish na Birtaniya ya ci zango 35, fiye da kowa, bai taɓa zama zakara ba. A 2024 ɗin ma da ya kafa wannan tarihi shi ya zo na ƙarshe a jerin lokaci. Chris Froome, haifaffen Nairobi da ke yi wa Birtaniya tsere, ya lashe gasar 2017 ba tare da ya ci zango ko ɗaya ba. A 1989 Greg LeMond na Amurka ya doke Laurent Fignon da daƙiƙa 8 kacal bayan mako uku ana fafatawa. Wanda ya fi ƙarfin wannan rabe-rabe shi ne Eddy Merckx na Beljiyam: a 1969 ya kwashe rawaya da koriya da kambin hawan dutse shi kaɗai. Ba banza aka yi masa laƙabi da mai cin naman mutane ba.

Akwai kuma waɗanda ba su neman riga ko ɗaya. Ana kiransu domestique, kalmar Faransanci ce, wato barori. Su ke tare wa jagora iska, su koma wajen motar ƙungiya su ɗebo ruwa, idan tayarsa ta yi faci su miƙa masa kekensu. Bisa al'ada kuɗin da zakara ya ci, Yuro 500,000, raba shi ake yi tsakanin 'yan ƙungiya da ma'aikatanta.

Tunda sana'arka gyaran keke ce, bari in ba ka labarin wanda ya fara sa rigar rawayan. Jaridar L'Auto ce ta kafa gasar a 1903 don ta ƙara kasuwa, Maurice Garin ya lashe ta farko. Rigar ba ta zo ba sai 1919, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne launin takardar jaridar aka ɗauko. Eugène Christophe aka fara sa wa. Shi wannan bawan Allah, a 1913 yana gangarowa daga dutsen Tourmalet ƙarfen da ke riƙe tayar gabansa ya karye. Dokar wancan zamani ta hana kowa taimaka wa mahayi. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka kilomitoci har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya ƙera ƙarfen da hannunsa, alƙalan gasa na tsaye a kansa. Hannu biyu ba za su riƙe guduma da ƙarfe su kuma yi zuga ba, sai wani yaro ya kama masa zugazugi. Saboda wannan zugar aka ci shi tarar mintoci, bayan sa'o'in da ya riga ya rasa.

A 1919, yana sanye da rawayan, saura zango biyu a gama, irin wannan ƙarfen ya sake karye masa. Ya sake gyarawa da kansa, ya ƙare na uku.