Amsa ga ƙaninmu mai neman allon zamiya: bar batun haɓa, hau sikeli ka auna ƙafarka

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka. Ka ce kana karatu a nan Kalgari, tsawonka santimita 185, nauyinka kilo 66, takalminka lamba 45, kuma dala 500 ta Kanada ce kawai a hannunka. Wani ya saka sunobod, wato allon zamiya a kan ƙanƙara, mai tsawon santimita 163 a kasuwar Facebook da araha, abokinka ya ce ka yi wuf da shi tunda in ka tsayar da shi a gabanka zai kai maka haɓa.

Kada ka saye shi. Ya fi ƙarfinka, kuma da wuya faɗinsa ya ɗauki ƙafarka.

Wannan awo na haɓa da hanci tsohon awo ne, masu ba da haya suka saba da shi don su sallami layi da sauri. Yana yi wa mutum daidai idan tsawonsa da nauyinsa sun tafi tare. Irinmu dogaye marasa jiki kuwa cutar mu yake yi. Dalili shi ne, allon nan ba busasshen katako ba ne da kake tsayawa a kai kurum. In za ka sha kwana sai ka danne shi ya lanƙwashe, bakin ƙarfensa ya kama ƙanƙara, sannan ya juya da kai. Nauyinka ne ke danne shi, tsawonka ba ruwansa a ciki. Allon 163 galibi an ƙera shi ne don mai kilo 75 zuwa sama. Kai mai 66 za ka hau, ka ce masa ya juya ya ƙi, ka koma shurin ƙafar baya kana neman jawo wutsiyarsa da ƙarfi, kafin azahar cinyoyinka sun mutu. Na ga sababbin shiga da dama a gangaren WinSport, wurin wasan zamiya da ke nan Kalgari, suna wannan kokawa, wasu sun haƙura da wasan gaba ɗaya suna zaton su ne ba su iya ba, alhali allon ne ba nasu ba. Abin yana ba ni takaici, don kuɗi ne aka tara da wahala.

Kowane kamfani yana fitar da jadawalin nauyi na kowane samfuri. Ka rubuta sunan allon da shekararsa a intanet, za ka ga kowane tsawo da iyakar kilon da ya dace da shi. Abin da kake nema shi ne nauyinka ya faɗo a tsakiyar iyakar, ba a bakinta ba. Ga mai kilo 66, yawancin jadawalai za su ajiye ka tsakanin 151 da 156. Tunda dogo ne kai, ƙafafunka za su buƙaci tazara mai ɗan faɗi tsakanin maɗaurai biyun da ke riƙe takalmi a kan allon, don haka sai ka karkata wajen 154 zuwa 156. Wannan kaɗai ne inda tsawonka ya shigo lissafi. Kada kuma ka yi ƙasa da yawa don jin an ce gajere ya fi sauƙin koyo. Gaskiya ne ya fi saurin juyawa, amma in ka gangaro da ɗan gudu sai ya riƙa rawa a ƙarƙashinka, kuma a kan daskararriyar ƙanƙara irin ta WinSport, wadda yawancinta inji ne ke fesa ta, gajeren allo bakinsa kan zame ya kayar da kai ta zaune.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya ka natsu, wato ƙafa. Lamba 45 ɗin da ka faɗa ba ta gaya mini komai ba tukuna, domin da yawanmu mun saba sayen takalmi da ɗan sarari a gaba. Takalmin sunobod ba a sayensa haka. Ɗauki farar takarda ka ajiye a gindin bango, ka taka babu safa, dunduniya na taɓa bangon, ka sa alama a bakin yatsan da ya fi tsawo, ka auna da rula. Ka yi wa ƙafa biyun, ka ɗauki wadda ta fi. Santimitar da ka samu ita ce lambarka, kuma za ka gan ta rubuce a cikin harshen takalmin, ko 28.5 ko 285. Idan ka samu 28 ko ƙasa, allo na yau da kullum mai ƙugu, wato faɗin tsakiyarsa, wajen milimita 252 zuwa 256 zai iya ɗaukar ka. Idan ka kai 29, wato lamba 11 a awon Amurka, to sai mai faɗi, wanda ƙugunsa ya kai milimita 260 ko fiye. Za ka gane shi da harafin W a bayan lambar, kamar 155W ko 156W.

Me ya sa na nace a nan? In allo ya yi wa ƙafa ƙunci, yatsu da dunduniyar takalmi za su leƙo waje da yawa. Ranar farko ba za ka ji komai ba. Sai ranar da ka fara iyawa, ka kwantar da allon a kwana, hancin takalmin ya tokari ƙanƙara, bakin ƙarfen ya ɗaga, ka tsinci kanka a ƙasa ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Leƙowar da ake so ba ta wuce santimita 1 zuwa 2 a kowane gefe. In kuma allon ya yi faɗi fiye da ƙafar, sauya gefe daga yatsu zuwa dunduniya zai yi maka nauyi. Matsalarka ta musamman ita ce alluna masu faɗi ba su cika zuwa a gajeru ba, yawanci daga wajen 155 suke farawa, kuma a gwanjo manyan ne suka fi yawa. In ka rasa 155W ka samu 157W mai laushi wanda jadawalinsa ya ɗauki kilo 66, karɓe shi. Santimita biyu ba za su hana ka komai ba, takwas ne matsala.

Saboda haka takalmi za ka fara saye, ba allo ba. Kuma da ni ne, rabin kuɗin nan a kansa zan kashe, sabo fil. Tsohon takalmi cikinsa ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani, ya saki, dunduniyarka za ta riƙa ɗagawa a ciki, kuma duk motsin da ka yi rabinsa ne zai isa ga allon. Je shago ka gwada da safa ɗaya siririya mai tsawo. In ka miƙe tsaye, yatsunka su taɓa gaba kaɗan ba tare da sun naɗe ba; in ka lanƙwasa gwiwa, su ɗan janye. Ka zauna da shi a ƙafa kamar kwata ɗaya kana zagaya shagon, ba wanda zai kore ka. Zai ɗan matse ka da farko, bayan 'yan fita zai saki. Idan ƙafarka mai faɗi ce, kada ka ƙara lamba don neman sarari, tambayi mai faɗin gaba, Burton da Salomon duk suna yin irinsa. Nemi samfurin bara, sau da yawa launi ne kawai ya bambanta shi da na bana, farashi kuwa ya sauka sosai. Wani sauƙin da muke da shi a Alberta, harajin saye kashi 5 cikin ɗari ne kawai, babu na lardi a kai.

Hular kwano ma sabuwa. Wadda ta taɓa shan bugu cikinta na iya tsagewa ba a gani daga waje, kuma mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba. Ka haɗa da abin kare wuyan hannu, domin sabon shiga da hannu yake tarar faɗuwa, nan ne karaya ta fi samun masu sunobod. Ɗalibi mai jarrabawa a gaba ba ya buƙatar ɗori a hannun dama.

Abin da ya rage, wajen dala 150 zuwa 180, shi za ka shiga gwanjo da shi neman allo haɗe da maɗaurinsa, kuma ana samu in ka yi haƙuri. Duba Facebook ɗin, duba shafin saye da sayarwa na Kijiji, tambayi shagunan haya ko suna sayar da tsofaffin allunansu. Lokacin da kaya suka fi araha shi ne ƙarshen Maris zuwa Afrilu, sai kuma Oktoba lokacin da ake cin kasuwar tsofaffin kayan ƙanƙara kafin sanyi ya kankama.

In ka je ganin allo, yi masa duban da ake wa riga a Ƙofar Wambai, a haske, ciki da bai. Bi bakin ƙarfen da yatsa daga hanci har wutsiya. Tsatsa kaɗan ba komai ba ce, wasawa za ta cire ta, amma in ƙarfen ya tsage ko ya bar jikin allon, ajiye masa kayansa. Duba gefe ko fatar saman ta fara ɓarewa, domin ruwa na shiga nan ya ruɓar da katakon ciki. Kife shi ka ga ƙasan: ƙarce-ƙarce marasa zurfi ana cike su da kuɗi kaɗan, rami mai zurfin da ya kai katako kusa da bakin ƙarfe kuwa gyaransa zai cinye arahar. Tafi da sukurudireba ka kwance maɗauri ɗaya, a ƙarƙashinsa karaya ke ɓuya, ka kuma tabbatar ramukan kusoshin suna kamawa. Ja igiyoyin maɗaurin da ƙarfi, tsohuwar roba a sanyi tsinkewa take yi. Ka tafi da takalminka ka ɗaure shi a kai nan take, ka ga girman maɗaurin da yawan leƙowar da idonka.

Idan allo daban maɗauri daban za ka saya, lura da abu ɗaya. Yawancin alluna ramukan kusoshi gare su a jere. Allunan Burton na zamani kuwa dogayen tsagi biyu gare su, suna kiran tsarin Channel, kuma maɗaurinsu mai alamar EST ba ya hawa kan allo mai ramuka. Tsofaffin Burton ma suna da nasu tsarin mai kusa uku. Tambayi mai kaya kafin ka hau bas.

Batun tauri da siffa ba zan ja shi ba. Ana ba alluna maki daga 1 zuwa 10, kowane kamfani da nasa ma'aunin; kai nemi 3 zuwa 5. Ajiye allon a ƙasa ka leƙa ta gefe. Wanda tsakiyarsa ta ɗaga sama ya fi riƙe ƙanƙara amma ba ya yafe kuskure. Wanda ya kwanta shafe, ko wanda wajen hancinsa da wutsiyarsa suka ɗan ɗaga da wuri, ya fi tausayin mai koyo. Akwai kuma wasu gajeru masu faɗi sosai, irin Ride Warpig da Lib Tech Orca, waɗanda ake hawa da ragin santimitoci daga abin da mutum ya saba. Lissafin da na yi maka bai shafe su ba, nasu jadawalin za ka bi.

Kafin duk wannan, in ba ka taɓa hawa ba, cire kuɗin yini ɗaya ka yi haya tare da darasin sababbin shiga, ko a WinSport ko a wurin wasan zamiya na Nakiska da ke wajen gari. Ka faɗa musu nauyinka na gaskiya, ka roƙi 152 da safe, bayan sallah ka musanya da 156, ka ji bambancin a ƙafarka. A nan za ka gane ma wace ƙafa ce take gaba a wurinka, hagu ko dama. Manyan wuraren zamiya na Banff da Lake Louise kuwa a bar su sai ka iya tsayawa ta gefe biyu, tikitinsu ya yi tsadar da ba za a ɓata shi a gangaren yara ba.

Auna ƙafar yau da yamma ka turo mana santimitar. In ka ga wani allo, ɗauko hoton rubutun da ke jikinsa da na bakin ƙarfen ka saka a nan mu duba tare. Idan a cikin gari mai kayan yake kuma ranar Asabar ce, yi mini magana in raka ka. Allah ya ba da sa'ar karatu.