Kalar P-gp ta fito, shin kemo ba zai yi aiki ba kenan?

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce silaid ɗin naman yaron nan mai rhabdomyosarcoma, wato kansar tsoka, ya kama kalar gwajin P-gp sosai, kana tambaya ko a faɗa wa likita kar ya wahalar da iyayen da kuɗin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, tunda ba zai ci ba. A'a, kar ka kuskura, ba aikinmu na 'yan lab ba ne ma, kuma kalar ba ta kai ta yanke wannan hukunci ba.

P-gp, wato P-glycoprotein, furotin ne da ke zaune a jikin fatar ƙwayar halitta, aikinsa kamar injin ban ruwa, magani na shiga yana zuƙo shi yana watsowa waje kafin ya yi wa kansar illa. Victor Ling da Juliano suka gano shi a Toronto a 1976, sai a 1992 aka gano ɗan uwansa MRP1 can Kanada ɗin dai. Abin da ya sa ake damuwa da shi a kansar tsoka shi ne vincristine da dactinomycin, biyu cikin haɗin magunguna ukun nan na VAC da ake ba yara, duk yana iya fitar da su, haka doxorubicin da ake ba manya masu leiomyosarcoma, wata kansar tsokar daban. Amma cyclophosphamide da ifosfamide ba sa cikin kayan da yake ɗauka, to ka ga ko famfon na aiki ba duka maganin ne ke zubewa ba.

A 1990 likitocin asibitin yara na Toronto sun duba yara 30, suka ga waɗanda kansarsu ke da P-gp su ne ciwon ya fi dawo musu, kowa ya ɗauka an samu mafita. Da Amurkawa suka sake dubawa a 1996 da yara masu yawa ba su ga alaƙar ba. Magungunan toshe famfon kuma, tun daga verapamil da cyclosporine har valspodar, an gwada su a cututtukan kansa iri-iri ba su kai labari ba, wasu ma sai ƙara wa mara lafiya gubar kemon suka yi saboda hanta da ƙoda da wannan famfon suke fitar da datti.

Yanzu ga inda ya shafe mu a benci. Wace antibodi, wato sinadarin da ke kama P-gp ya nuna kala, ka sa? In C219 ce to wallahi ka bi a hankali, tana kama myosin, wani furotin na tsoka, kai kuma kansar tsoka ce a gabanka, kalar ruwan ƙasan da kake gani zai iya zama tsokar ce kawai ba P-gp ba. JSB-1 ma tana kama wani inzayim na cikin ƙwayar. Shi ya sa ake so a haɗa biyu, kuma kalar ta zauna a gefen ƙwaya ta zagaye ta, ba ta baje a ciki ba. Ka sa kontrol, wato naman da aka san yana da P-gp, na ƙoda ko hanta? Naman kwana nawa ya yi a fomalin, ruwan adana nama, kafin ya iso mu, don na garuruwa masu nisa wani sai ya yi sati a kwalba, ka san halin.

Tsofaffin alƙaluman P-gp a leiomyosarcoma na ciki ma kar ka yarda da su haka nan, da yawansu GIST ne, wata kansar tumbi da hanji ta daban, aka ba su wancan sunan kafin a fara sa kalar CD117 mai bambanta su bayan 1998, GIST kuwa ta fi yawan P-gp da MRP1, doxorubicin kusan ba ya taɓa ta, imatinib ne maganinta.

Abin da likitan yaron ke jira a wajenmu shi ne kalar desmin da myogenin masu nuna kansar ta tsoka ce, da nau'inta, embryonal ce ko alveolar, in da hali a tura a duba canjin ƙwayar gado na PAX3-FOXO1. Ka sake yanka bulok ɗin naman gobe da safe, ka sa kontrol, ka ajiye min in na shigo mu duba tare kafin ya je teburin konsoltan.