Fijon da kakanka ya dafa: amsa daga Garwa

Ɗana, saƙonka ya iso, hoton ma ya iso lafiya. Ka gaida mini mahaifinka da iyayenka mata da duk mutanen gida a Fagge. Tambaya biyu ka yi mini. Ta farko, wace mota ce kakanka ya dafa a hoton nan, kuma gaskiya ne a Kano aka ɗauke shi a 1957 kamar yadda ake faɗa a gidanku? Ta biyu ka yi ta cikin ladabi, amma na gane abin da ya ɗaure maka kai: me ya sa mu Hausawan Garwa ta arewacin Kamaru, da zarar an miƙo mana tsohon hoto, sai mu bar fuskokin mutane mu duƙufa kan taya da fitila?

Bari in fara da motar. Peugeot 403 ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda kuke kira a-kori-kura. Mu nan bashe muke ce mata, daga sunan tamfol ɗin da ake rufa mata da Faransanci. Lambarta ma da Faransancin muke kiranta, katir-san-turwa, ƙanwarta kuwa da kuke cewa fo-o-fo, mu katir-san-katir muka sani. Dubi gefenta da kyau. Daga fitila har ƙofa jikin a miƙe yake, sumul, babu kumatu. Yayarta 203, wadda aka fara ƙerawa a 1948, tana da kumatu manya a kan tayoyin gaba da hanci siriri. Ita kuwa 404 da ta fito a 1960 duk kusurwa ce, kamar da wuƙa aka yanka ta, bakinta mai faɗi ne daga fitila zuwa fitila. Ta hotonka bakinta kamar ƙwai yake a kwance, da sanda guda ta ratsa shi. Wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin waɗannan motoci uku ba zai rikita su ba.

An fara fitar da 403 a 1955, mai buɗaɗɗen bayan ta biyo a ƙarshen 1956. Ka ga ke nan idan motar kaɗai za a bi, 1957 ba ta faɗi ba tukuna. Akwai masu cewa a duba kan zakin ƙarfe da ke bisa hancin Fijo na farko, wanda kamfanin ya daina sawa a 1958 don kada ya soke wanda aka buge. Ta kakanka ba ta da shi. Amma ni ban cika dogara da wannan ba, domin zakin nan yara sun sha ɓalle shi, hanya ma ta sha kakkaɓe shi.

Yanzu leƙa ta gilashin gaba. Sitiyarin yana hannun hagun motar. Najeriya a hagu ake tuƙi tun zamanin Ingilishi, sitiyari a dama, har ranar 2 ga Afrilu 1972 da kuka koma hannun dama. Mu da Faransa ta mulka, tun farko a dama muke tafiya, sitiyari a hagu. Fijon da aka sayar wa ɗan kasuwa a Kano a 1957, sitiyarinta a dama zai kasance. Kafin in yarda da idona sai da na tabbatar ba a kifa dodon hoton ba wajen wanki, don hakan na faruwa, hagu ta koma dama. Abin da nake dubawa ba a jikin mota yake ba, a jikin mutum yake. Aljihun babbar riga da aikin askarsa a ƙirjin hagu ake ɗinka su. Na kakanka yana hagunsa daidai. Saboda haka hoton a miƙe yake, motar kuma ta ɓangarenmu ce.

Wannan bai isa ya ce a Garwa aka ɗauka ba, tun da motocinmu na shiga Yola da Mubi, wasu har Kano. Abin da ya yanke magana yana can baya, bisa ginin nan mai rufin kwano. Ka buɗa hoton a wayarka ka ja shi. Tuta ce mai layi uku a tsaye, kuma a saman layin da ke jikin sanda akwai ɗigo biyu masu haske. Tutar Kamaru ce. Ta 1957 ba ta da tauraro ko ɗaya. An sa taurari biyu a Oktoba 1961, lokacin da kudancin Kamarun Ingilishi ya haɗe da mu, suka zauna har Mayu 1975 da aka mayar da su ɗaya a tsakiya. Kakanka kuwa, kowa ya sani, ya tattara ya koma Kano kafin a fara yaƙin basasarku a 1967. To ka ga inda muka tsaya: a ƙasar Kamaru, tsakanin ƙarshen 1961 da 1967.

Ka riƙe wannan, domin nan ne matasa masu neman amsa a intanet suke zamewa. Mota tana gaya maka cewa ba a ɗauki hoto kafin shekara kaza ba. Ba ta gaya maka shekarar da aka ɗauka. A Turai ba a cika barin mota ta tsufa kamar a nan ba. A nan, da idona na ga katir-san-katir bashe tana dakon albasa da buhunan gero bayan 1990, ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana aiki. Ga kuma hannun makanikanmu. Su ɗauko injin wannan su dasa a waccan, su ciro fitilar wata su liƙa, kafinta ya ƙera mata sabon bodi da katako. Shi ya sa ba na fara kallon fitila da bamba, su ne ke saurin canzawa. Rufi nake kallo, da yankan gilashi, da inda ƙofa take buɗewa. Misali Citroën 2CV, wadda muke kira de-shabo, wato dawaki biyu, motar malaman makaranta da 'yan mishan: idan ƙofar gaba daga gaba take buɗewa, hinjinta a baya, ƙirar kafin ƙarshen 1964 ce, idan kuma murfin injin yana da ƙananan layuka kamar kwanon rufi, ta riga 1961. Land Rover sai dai a bi idanunta, don su ba a cika taɓa su ba. In suna matse a tsakiya kusa da lagireto, tsohuwa ce. Wajen 1969 aka fitar da su gefe.

Tambayarka ta biyu ita ta fi taɓa ni, ita ce ma ta sa na zauna na rubuta da tsawo.

Ku a Kano kuna da abin jingina tarihi. Kuna cewa zamanin Sarki Alhaji, zamanin Sanusi, farkon sarautar Ado, kowa ya gane. Unguwarku ta girmi kakan kakanku. Mu nan baƙi muka zo, wasu da fataucin goro, wasu da fawa da jima, wasu almajirai, wasu kuma hanyar Makka suka kama ta Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, da Abeshe a ƙasar Chadi, guzuri ya ƙare suka zauna. Sarautar gari ta Fulani ce, Lamiɗo ne ke da ƙasa, mu muna da Sarkin Hausawa da unguwarmu Hausare. A kasuwa Fulatanci muke yi, a ofis Faransanci, Hausa sai mun shiga gida ko masallacin unguwa. Takardun da aka rubuta game da iyayenmu da Faransanci aka rubuta su, kuma idan ka ɗauko katin shaidar tsohonmu, a wurin ranar haihuwa za ka ga an sa kalma biyu masu nufin "an haife shi wajen shekara kaza". Ma'aikaci ne ya dubi fuskarsa ya ƙiyasta. Mutanen da ke cikin wannan hali dole su nemi wani abu da ba ya ƙiyasi. Mota ba ta ƙiyasi. An san shekarar da aka ƙera ta, an san wanda ya saye ta, an san kuma auren wa aka yi da ita aka kai amarya.

Shi ya sa za ka ji tsohuwa a nan tana cewa an haifi wane shekarar da Alhaji ya sayi mil-kilo. Mil-kilo ɗin nan Renault ce mai ɗaukar kilo dubu, ita ce motar haya tsakanin garuruwa a wancan zamani, kafin Saviem ta gaje ta daga 1965. Ko ka ji an ce wance ta tare tun ana jiran jirgin ruwa. Da can kayan Garwa ta Binuwai suke zuwa daga Najeriya, 'yan makonni kaɗan cikin damina idan kogi ya cika, jirgi ya sauke gishiri da siminti da man fetur ya kwashi auduga da gyaɗa. Sauran shekara kuwa sai manyan motoci, su Berliet, masu hawa tsaunin Ngaundere da giya ɗaya, yaron mota na biye a ƙasa da katon weji a hannu don kada ta sulale baya. Jirgin ƙasa bai iso Ngaundere ba sai 1974. Yawancin gidajen Hausare akwai wanda ya ci abinci a bakin wannan hanya, direba ko makanike ko ɗan kamasho ko mai sayar da mai. Mu ce shofer, mu ce kamiyo a inda kuke cewa gingimari, sitiyari mu ce bolan, karen mota kuwa motoboi. Idan ka zo ka ji mu kada ka ɗauka Hausarmu ce ta lalace. Hannun da ya koya mana aikin ne ya bar mana sunayen, kamar yadda Ingilishi ya bar muku birki da kuloci.

Hotunan kansu mata ke ajiye su, a ƙasan akwati tare da zannuwan da ba a ɗaurawa. Ba a fito da su haka kawai. Sai an yi rasuwa, bayan sadakar bakwai jama'a sun ragu, ko kuwa baƙo ya zo daga gida irinka yana tambayar asali. A shimfiɗa tabarma bayan la'asar, a kira tsofaffin direbobi. Su za su faɗi motar, matan su faɗi mutanen, sai a haɗa. Akan yi gardama sosai, kuma ba a jin kunyar a ce wa dattijo ya yi kuskure in dai an nuna masa a jikin hoton. Kwanakin baya wani ɗan'uwa a Njamena ya turo mini hoton wata mota mai taya a gaba da sarƙa a baya, gidansu sun daɗe suna cewa tankar yaƙin Jamus ce. Citroën ce, irin guda takwas ɗin da Faransawa suka taso da su daga Aljeriya a Oktoba 1924, suka ratsa Damagaram suka iso Fort-Lamy a ƙarshen shekarar. Jamusawa kuwa an kore su daga Garwa tun 1915.

Akwai kuma tsayuwa, wadda ita ma karatu ce. Mai mota shi ke dafa hanci ko murfin inji, da babbar riga. Direba yana jikin ƙofarsa, sau da yawa da mabuɗi a hannu yadda za a gani. Motoboi ba ya tsayuwa kafaɗa da kafaɗa da su, gaban taya yake tsugunawa ko ya hau bisa kaya. Da wannan nake gaya maka cewa motar ta kakanka ce, ba aro ya yi don hoto ba, domin masu aro a gefe suke tsayawa, hannu a aljihu. Da kuɗin goron da yake kaiwa Marwa ya saye ta.

Abin da ya sosa mini rai shi ne yadda aka mayar da hoton nan Kano. Ban ce wani ya yi ƙarya ba. Shekarun da mutum ya yi a waje ne ba a cika lissafa su a gida ba, sai a ce ya yi 'yar tafiya ya dawo. Kakanka ya fi shekara goma sha biyar a garin nan. A nan ya yi auren fari, a nan ya binne ɗa, ɗakin da ya gina a Hausare har yau da mutane a ciki. Ina so ka gaya wa 'yan'uwanka wannan idan ka nuna musu hoton.

Ga abin da nake so ka yi mini. Ka juya ainihin hoton ka ɗauko mini bayansa, don masu hoto na wancan zamani sukan buga hatimin shagonsu, wani lokaci har da kwanan wata da biro. Ka kuma sake ɗaukar gabansa da rana, ba da hasken waya ba, ka matsa kusa da lambar motar. Rabinta a rufe yake, gwiwar yaron da ya tsuguna ta tare ta, amma ko harafi ɗaya ya fito zai rage mana shekarun nan.

Yaron nan kuwa, mai gajeren wando da tsumma a kafaɗa, da ka ce ba wanda ya san shi a gidanku, ƙanin kakanka ne. Mahaifina ke nan, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Katinsa ya ce an haife shi wajen 1945, kuma ban taɓa ganin fuskarsa yana saurayi ba sai ranar da saƙonka ya shigo. Na kai wa Goggo ta gani, ta riƙe wayar ta ƙi saki har aka kira magariba. Ta ce in tambaye ka ko akwai wasu a akwatin.