Zauren Gwaggo: yara, gona da aikin da ya fi ƙarfinsu

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan makon kusan duk daga mutanen gona suka zo, shi ya sa na haɗe su wuri ɗaya. Wasu na rage musu tsawo, masu su su yi haƙuri.

Tambaya: Gwaggo barka da war haka. Dan Allah ki raba mu gardama ni da maigidana. A gona muke zaune, yaranmu huɗu, babban shekararsa 12 mai bi masa 9. Da damina ta sauka shikenan babansu ya mai da su 'yan ƙwadago, tun asuba zai tashe su ba sa dawowa sai rana ta take, wani satin sau biyu kawai suke leƙa makaranta, har malaminsu ya aiko wai ɗan shekara 9 ɗin barci yake yi a aji. Abin da ya fi ɗaga min hankali bana babban ne yake goya tankin feshi. In na yi magana sai ya ce ni ce zan lalata su, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ma haka mahaifinsa ya yi masa ga shi nan bai mutu ba. Wai ni ce ba ni da gaskiya? Daga uwar yara huɗu.

Amsa: 'Yata sannu da ƙoƙari. Bari in fara da inda maigidanki yake da gaskiya tunda nasan za ki kai masa ya karanta, yaron da ya tashi a gona bai iya riƙe fartanya ba, bai san lokacin da akuya ke jin ƙishi ba, an cuce shi. Aikin gona yana koya wa yaro abin da ba a koyarwa da baki, ya ga abin da ya shuka ya tsiro, ya ga wanda ya yi wa sakaci ciyawa ta cinye, ba sai an masa wa'azi ba. Ni ban taɓa goyon bayan a zaunar da yaro a inuwa iyayensa suna zufa ba.

Amma tankin feshin nan, a'a. Wannan ba maganar tarbiyya ba ce kuma, guba ce. Tankin goyo da aka fi amfani da shi lita 16 yake ci, ruwa lita 16 kilo 16 kenan, ki haɗa da nauyin tankin kansa, kinga ya tasam ma rabin nauyin yaro ɗan shekara 12, kuma ba a miƙe yake tafiya ba a kan kunya yake yana famfo da hannu ɗaya. Nauyin ma da sauƙi. Tankunan nan suna yoyo ta murfi, maganin ya gangaro ya jiƙa bayan riga, rigar ta manne da fata ga zufa ga rana, kuma yawancin magungunan ƙwari ta fata suke shiga jiki ba sai an sha ba. Yaro kuwa in aka gwada da nauyinsa fatarsa ta fi ta babba faɗi, ya fi babba yawan shaƙar iska, ga ƙwaƙwalwa da hanta ba su gama ginuwa ba, abin da zai sa wa babansa ɗan ciwon kai kawai shi zai iya kwantar da shi. Ki duba jikin kwalbar, in kin ga an rubuta dichlorvos ko chlorpyrifos to irin masu taɓa jijiya ne, alamarsu yawu ya dinga zuba, zufa, hawaye, amai, gudawa, ƙwayar ido ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya, numfashi ya yi wuya. In kuma paraquat ne na kashe ciyawa, wannan har yau ba shi da makari, huhu yake lalatawa, Tarayyar Turai tun 2007 ta daina yarda da shi.

Allah ya kiyaye, in ya zube wa yaro a tuɓe masa kayan nan take a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, in a ido ne a yi ta kwarara ruwa kamar minti 15. In sha ya yi kar a sa shi amai, kar a ɗura masa madara ko mai, a ɗauke shi sai asibiti a tafi da kwalbar a hannu don likita ya san da me yake faɗa. Kuma dan Allah kar a taɓa juye ragowar magani a robar lemo ko ta ruwa, nan ne ƙananan suke faɗawa, sun ga roba sun ɗauka abin sha ne. Kayan da aka yi feshi da su ma daban ake wanke su.

Maganar "ni ma haka aka min ban mutu ba" kuwa, waɗanda suka mutu ai ba sa nan balle su ba da nasu labarin.

Duniya ma ta daɗe da shata iyaka a kan wannan. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, mai lamba 138 ta shekarar 1973 ta yarda da aiki mara nauyi daga shekara 13, a ƙasashe masu tasowa daga 12, da sharaɗin kar ya taɓa lafiya kar ya hana makaranta, aiki mai haɗari kuma sai an kai 18. Rahoton da ILO da UNICEF suka fitar a 2021 ya ce yara miliyan 160 ne ake sa su aikin da ya wuce ƙa'ida, kashi 70 cikin ɗari a harkar noma suke, kuma mafi yawansu ba wani baƙo ne ya ɗauke su aiki ba, a gonar gidansu ne. Wato iyaye ne masu son 'ya'yansu irin maigidanki, hannu ne ya yi musu kaɗan aiki ya yi yawa.

Shi ya sa nake ganin kar ki je masa da "kana cutar yara", zai kafe ne kawai. Ki bari sai ya huta, ba a gaban yaran ba, ki zo masa da tsari, ranakun makaranta su je makaranta, in sun dawo sun ci abinci rana ta yi sanyi su yi awa ɗaya ko biyu, ranar da babu karatu da lokacin hutu su bi shi da safe. Ɗan shekara 9 shuka, ciro ciyawa, ba kaji hatsi, kwashe ƙwai, kora tsuntsu, ya ishe shi. Babban ya yi noma daidai ƙarfinsa ya kula da dabbobi. Feshi, injin sussuka, injin niƙa da hawa gefen tarakta babu su a lissafi, ko dai babansu ya yi da kansa ko a nemi babba a biya shi. Barcin da ɗan shekara 9 ɗin ke yi a aji kuma ba lalaci ba ne, yaro mai shekarunsa awa 9 zuwa 12 yake buƙata a kwana, in an tashe shi da asuba to sai a kwantar da shi da wuri.

Tambaya: Gwaggo ni a birni na tashi aure ya kawo ni gona. 'Yata wata goma ta fara rarrafe, tsakar gidan kuma kaji da awaki ko ina. Surukata ta ce in bar ta ta ci ƙasa haka yara ke ƙwari, yayata kuma ta ce in kulle ta a ɗaki. Wa zan bi? Daga amarya mai goyo.

Amsa: Ƙanwata kowaccensu ta riƙe rabin zance. Surukarki ba shirme take ba. A 2016 an wallafa wani bincike a Amurka da ya gwada yaran al'ummomi biyu manoma masu kama da juna ta asali da yanayin rayuwa, Amish na jihar Indiana da Hutterite na Dakota ta Kudu. Amish da dawakai suke noma, garken shanunsu dab da gida yara na shiga suna fita, su kuwa Hutterite noman inji suke a manyan gonaki, dabbobin nesa da yara. Sai aka samu masu ciwon asma a yaran Amish kusan kashi 5 cikin ɗari ne, a na Hutterite sun haura kashi 21, da aka auna ƙurar gidajen Amish kuma aka ga ta fi ɗauke da ɓurɓushin ƙwayoyin bakteriya nesa ba kusa ba. A Turai ma an sha ganin haka a yaran da suka tashi kusa da shanu. Garkuwar jiki tana son ta saba da dabbobi tun da wuri.

To amma ƙurar garke daban, kashin kaji a baki daban. Kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin da ke kawo gudawa, kuma yaron da hanjinsa kullum yana fama da su ko yana ci ba ya ƙiba yadda ya kamata, tsawonsa ma yakan tsaya. Mai rarrafe kuwa komai ta tsinta baki. Don haka ba kulle za ki yi mata ba, wuri za ki ware mata, ki share gefe ɗaya ki shimfiɗa tabarma, a kewaye da ɗan shinge yadda kaji ba za su shiga ba, kajin kuma su kwana a akurkinsu ba ɗakin da kuke kwana ba. Ki goya ta ku je wajen shanu ta gani ta taɓa, kin dawo ki wanke mata hannu da sabulu kafin ta ci wani abu. Madarar da aka tatso a tafasa kafin kowa ya sha, akwai tarin fuka na shanu, akwai kuma cutar da ke sa dabba ɓari ta sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, duk ta ɗanyar madara suke bi. In ta fara tafiya ki saba mata da takalmi saboda tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa, ki kuma tabbatar allurar rigakafinta ta cika musamman ta tetanos, ƙwayarsa a ƙasa da taki take zama.

Surukarki kuwa kar ki tsaya musu da ita. Ki ce mata Inna ki taya ni gyara wa jikarki wurin wasa, za ki ga ita ce za ta fi ki korar kajin.

Tambaya: Gwaggo ɗana shekara 14 ya ce shi ba zai yi noma ba wahala ce, kullum yana kan waya. Duk abin da na tara a gonar nan dominsa ne. Daga wani magidanci.

Amsa: Malam tambaya ɗaya, tunda ya fara bin ka gona ka taɓa damƙa masa wani abu ka ce wannan naka ne? Yawancin yaran da ke gudun gona wahalarta kawai aka nuna musu, ribar tana tafiya aljihun baba ba su ga ƙeyarta ba. Ka yanka masa 'yan kunyoyi ko ka ba shi 'yar akuya guda, shi zai zaɓi abin da zai shuka, shi zai sayar, kuɗin nasa, in ya yi asara ma ka kama bakinka. Wayar kuma ka ba ta aiki, ya dinga rubuta muku abin da aka kashe a taki da iri da abin da aka samu, ya duba muku hasashen ruwan sama da farashin kasuwa. Zai yiwu duk da haka ya girma ya zaɓi wata sana'ar, ba laifi ya yi ba, amma dai ka daina ce masa dominsa ka tara, a kunnen ɗan shekara 14 wannan bashi ne ake karanto masa.

Tambaya: Gwaggo lokacin girbi dole ni ma in fita gona, sai in bar ɗan shekara biyu a hannun yayarsa mai shekara 7. Akwai rijiya a gidan da kududdufi a bayan gona. Hankalina ba ya kwanciya amma ba ni da yadda zan yi. Daga wata uwa.

Amsa: 'Yar uwa gara da hankalin naki bai kwanta ba. 'Yar shekara 7 ita ma reno take buƙata, tana son ƙaninta ba shakka amma da ƙawayenta sun kira ta wasa ta manta da shi, ba da gangan ba, shekarunta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su ruwa ya fi ci, kuma yaro ba ya ihu in yana nutsewa, shiru abin yake faruwa cikin 'yan mintuna, ko a bokiti ko kwamin shayar da dabbobi ne tunda kansa ya yi wa jikinsa nauyi in ya kifa ba ya iya ɗagowa. A ƙauyukan Bangaladash inda tafkuna suke kewaye da gidaje an lura yawancin abin da safe zuwa azahar yake faruwa lokacin da iyaye mata ke tsakiyar aiki, sai aka riƙa tara ƙananan yara wuri ɗaya a hannun mace babba a waɗannan awannin, mutuwar ta ragu ƙwarai. Ku ma ku yi hakan ke da maƙwabtanki, ku huɗu ko biyar, kullum ɗaya ta zauna da yaran sauran su fita, ranar da kika zauna su taya ki naki girbin. In babu maƙwabta kusa ki tafi da shi ki ajiye shi a inuwa inda idonki ke kai wa, amma ki fara share wurin ki duba ƙarƙashin dami saboda maciji. Rijiyar kuma tun kafin girbin ya zo maigida ya yi mata murfi mai nauyi da kwaɗo, makullin a hannun babba, bokitai da bahon wanki kuma a dinga kife su da an gama aiki.

Sauran wasiƙun, harda ta mai tambaya a kan cizon kare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.