Yaron shago da maganar naira 70,000: ina hakkinka yake?

Tambaya: Barista, ina aiki a wani shagon kayan masarufi a garinmu, kusa da Ɗambatta, shekara uku ke nan. Mu biyar ne a shagon. Muna buɗewa ƙarfe bakwai na safe, ba ma rufewa sai goman dare, babu ranar hutu. Albashina naira 25,000. Watan jiya maigida ya cire mini 12,000, wai an samu giɓi a lissafi, ga kuma alat ɗin bogi da wani ya yi mini. Ga zagi a gaban masu sayayya. Na ji an ce dole a biya kowane ma'aikaci naira 70,000. Zan iya kai shi kotu ya biya ni cikon?

Amsa: Ɗan'uwa, a iya abin da ka rubuto, kuma ban ji ta bakin maigidan naka ba, maganar 70,000 ɗin nan da wuya ta tsaya maka a gaban alƙali. Gaskiya ne a watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a gyaran da ya ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000. Sai dai dokar asali ta 2019 ta ware wasu wuraren aiki, kuma gyaran bai shigo da su ba: wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, masu aiki bisa la'ada ko biyan jinga, masu aikin wucin gadi na 'yan awoyi, da masu aikin da ke bin yanayi irin na noma. Ku biyar ne. Wato a ido na doka 25,000 ɗin da kuka yi baki da baki ita ce albashinka, komai ƙanƙantarta. Haka ma 71,000 da gwamnatin Kano ta sanar, wannan tsakaninta ne da ma'aikatanta, ba ta ɗaure ɗan kasuwa.

Akwai ƙofa ɗaya da ban rufe gaba ɗaya ba. Idan Alhajin yana da wasu shagunan, da sito, da direbobi, duk a ƙarƙashin sunan kasuwanci guda, ana iya yin gardamar cewa jimillar ma'aikatansa ta kai 25. Gardama ce, ba tabbas ba, kuma kai ne za ka kawo hujjar adadin.

Inda nake ganin kana da ƙarfi shi ne wurin da kai ka ɗauka ƙarami, wato 12,000 da aka zaftare. Dokar Ƙwadago ba ta damu da yawan ma'aikata ba a wannan batu, ko mutum ɗaya aka ɗauka ta shafe shi, in dai ba ɗan gidan mai shagon ba ne. Sashe na 5 ya hana yanke wa ma'aikaci albashi a matsayin tara. Ya yarda a cire wani abu daidai gwargwado idan asarar ta faru saboda gangancin ma'aikacin ko sakacinsa, amma da sharaɗin a fara samun amincewar jami'in ƙwadago a rubuce. Ba na zaton maigidanka ya taɓa taka ofishin ƙwadago, balle ya nemi wannan izini. Sannan ko da cirewar halal ce, jimillar abin da za a cire a wata guda bai kamata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin ba. Ɗaya bisa ukun 25,000 bai wuce 8,333 ba. An cire maka kusan rabi.

Giɓin ma abin tambaya ne. Mutum biyar ke sa hannu a durowa ɗaya, 'ya'yan gida na aiko yaro a ba da sukari da madara ba a rubuta ba, maigida da kansa yana ba abokansa bashi da baki, gwangwanayen da suka lalace ana zubarwa ba a cire su daga littafi. A irin wannan yanayi, ta yaya aka gano cewa buhun da ya ɓace a hannunka ya ɓace? Wanda bai ƙirga kaya ya damƙa maka da sa hannu ba, ba shi da bakin cewa kai ka yi giɓi. Maganar alat ɗin bogi ta ɗan bambanta, kuma a nan ka yi hattara. Idan an taɓa gaya maka kada ka saki kaya sai ka ga kuɗi sun shiga asusu ko sun fito a na'urar POS, kai kuma ka saki saboda hoton da mai saye ya nuna maka a wayarsa, ana iya kiran wannan sakaci. Idan kuwa wayar da alat ke shiga tana aljihun Alhaji, kuma haka aka saba yi, laifin tsarinsa ne.

Sauran hakkokin sanannu ne. Takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa, kamar yadda sashe na 7 ya ce, kuma rashin ba ka ita laifinsa ne, bai mayar da kai wanda ba ma'aikaci ba. Hutun yini guda cikakke a kowane kwana bakwai. Hutun aƙalla awa ɗaya a yinin da aiki ya kai awa shida. Hutun shekara na aƙalla kwana shida da albashi bayan cika wata goma sha biyu. Har kwana goma sha biyu na jinya a shekara, idan likita ya ba da takarda. Kuɗin ƙarin lokaci kam yana da wuyar nema, domin doka ta bar adadin awoyin aiki ga yarjejeniya, ku kuma ba ku rubuta komai ba.

Batun zagi da rashin ganin girman ƙoƙarinka, na san shi ya fi ƙona maka rai, amma kotu ba ta cika sa wa wulaƙanci farashi ba. In da duka ne, ko ya kira ka ɓarawo a bainar jama'a ba hujja, wannan wata shari'a ce daban. Haka alƙawarin nan da iyayen gida kan yi na cewa wata rana za su yaye yaro su ba shi jari: idan babu adadi, babu lokaci, babu shaidu, da wuya a tilasta shi.

Ko da wasa kada ka ce za ka biya kanka daga durowa, ko ka ɗauki katan ɗin taliya a madadin kuɗinka. Ranar da ka yi haka maganar ta tashi daga albashi ta koma cin amana, laifin da ake ɗaure mutum a kansa, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Shi ma maigidan, giɓin lissafi kaɗai bai ba shi damar sa 'yan sanda su kulle ka ba, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin yarjejeniya zalla. Amma da ya samu shaidar ka ɗauka, zance ya sauya.

Kotun da ke da hurumin rikicin aiki ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma tana zama a Kano. Ka lissafa kuɗin mota zuwa birni sau da yawa, da na lauya, da yinin da za ka rasa, a kan 12,000. Ko ka ci nasara, kotu ba ta saba tilasta wa ɗan kasuwa ya ci gaba da riƙe wanda ba ya so ba. Shi ya sa ba zan tura ka can da fari ba.

Ka fara tara hujja cikin sirri: ranar da ka fara aiki, abin da ake ba ka duk wata, saƙon banki idan tura maka ake yi, da abokin aiki ɗaya da ya ji lokacin da aka ce an cire. Sannan ka nemi wanda ya tsaya maka aka ɗauke ka, ya haɗa da mai unguwa ko liman ko shugaban 'yan kasuwar garin, wanda Alhaji ke jin nauyinsa. A zaman kada ka ta da maganar 70,000, zai same ka da sauƙi a nan. Ka nemi a mayar maka da abin da aka cire ko da kashi-kashi ne, a ƙirga kaya tare duk ƙarshen wata a sa hannu, a buɗe littafin bashi da na kayan da suka lalace, a ba ka yinin hutu, sannan ka roƙi ƙari bisa shekarunka uku. Abin da aka amince a rubuta shi, ko da Hausa ne, shaidu biyu su sa hannu.

Idan ya ƙi, ofishin Hisbah na ƙaramar hukuma yana sulhu, sannan ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano yana karɓar ƙorafi irin wannan kuma yana iya gayyatarsa. Ka sani yin hakan na iya kawo ƙarshen zamanku, don haka ka fara duba wani wurin tukuna. Wanda ya yi shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sanarwar mako biyu a rubuce doka ta ce a ba shi kafin sallama, ko a biya shi kuɗin makon biyun. Kai ma haka za ka yi in kai ne za ka tafi, kuma kada ka miƙa makulli sai an ƙirga kayan shagon a gaban shaida.