Yadda ake raunana hujja a jarrabawar LSAT

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina shirin zana jarrabawar LSAT don neman gurbin karatun lauya a Kanada. Tambayoyin da ke ba ni wahala su ne waɗanda ake kawo gajeren bayani, sai a ce wace amsa ce, in gaskiya ce, ta fi raunana hujjar. Kullum nakan tankaɗe har saura biyu, sai in ɗauki wadda ba ita ba. Ina mafita? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin yi tambaya a kan gaɓa, domin tun Agustan 2024 kashi biyu cikin ukun da ake ba wa maki na nazarin hujja ne. Kowane kashi minti 35 ne, tambayoyi wajen 25, wato ko minti ɗaya da rabi ba ki da shi a kan kowace.

Kafin ki leƙa amsoshin nan biyar, ware abu biyu: dalilin da mai magana ya kawo, da matsayar da ya ɗora a kansa. Dalilin ki bar masa, kada ki yi musu da shi. Aikinki yana kan tsallen da ya yi daga dalili zuwa matsaya.

Ga misali na ƙirƙiro miki. Mai unguwa ya ce: tun da aka kafa fitilun sola a layinmu, sata ta ragu da rabi, saboda haka fitilun ne suka kori ɓarayi. Raguwar satar mun yarda. To amma wa ya ce fitilun ne? Amsa ta farko ta ce fitilun sun ci kuɗi da yawa. Ko da haka ne, tsada ba ta taɓa maganar sata ba, watsar da ita. Ta biyu ta ce wasu fitilun kan mutu kafin asuba. Wannan ce mai yaudara, kuma ina kyautata zaton irinta ce ke kayar da ke. "Wasu" na iya zama fitila biyu cikin ɗari. Ta uku ta ce a watan da aka kafa fitilun ne 'yan sintiri suka fara zagayen dare. Nan hujjar ta girgiza, don an samu wani sanadi daban.

Lura, amsa ta ukun ba ta tabbatar da cewa mai unguwa ya yi kuskure ba, shakka kawai ta jefa, kuma iyakar abin da ake nema ke nan. Kada kuma ki ƙi amsa don ta kawo sabon zance ko don kin ga da wuya ta faru. Ai sun ce "in gaskiya ce".

Sauran ramukan da suka fi yawa a cikin hujjoji: a juya sanadi da sakamako, ko a tambayi mutane kaɗan a yanke hukunci a kan gari guda, ko a cakuɗa adadi da kaso cikin ɗari.

In saura biyu, sake karanta matsayar kalma da kalma, ki gwada kowace amsa da ita kaɗai. In lokaci ya ƙure, ki canka ki wuce. LSAT ba ta rage maki don an yi kuskure. Allah ya ba da sa'a.