Cigiya Ce Ko Cin Kasuwa? Yadda Talabijin Ke Ɗaukar Labarin Budurwar Da Ta Ɓata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'abociyar kallon shirye-shiryen binciken laifuka ce na tashoshin Amurka, musamman waɗanda ake bin sawun 'yan matan da suka ɓata. Kwanan nan na kalli wanda Netflix suka yi a kan Gabby Petito, daren nan barci ya ƙaurace mini. Tunda kai ka san aikin jarida, don Allah ka warware mini: wannan yayatawar tana taimakawa a gano yaran, ko kasuwa kawai ake ci da hawayen iyaye? Me ya sa kuma kusan duk waɗanda ake nunawa kamarsu ɗaya? Har na fara jin kamar ina da laifi da nake kallo.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Abu biyu ne ake cusa miki a cikin shiri guda, kuma sai kin raba su za ki samu natsuwa. Akwai cigiya, akwai kuma ba da labari. Cigiya ita ce a ce ga fuskar wance, ga motar da take ciki, ga inda aka yi mata ganin ƙarshe, wanda ya gani ya kira wannan lamba. Ba da labari shi ne duk abin da ya biyo baya: kiɗan tsoratarwa, masu sharhi, hasashen wane ne ya yi, da "ku biyo mu bayan talla". Ta farkon tana ceton rai. Na biyun yakan yi amfani wani lokaci, amma sau da yawa ɓarnarsa ta fi.

Bari in fara da inda talabijin ya yi rana, don kada a yi masa rashin adalci. A daren 5 ga Yunin 2002 aka shiga ɗakin kwanan Elizabeth Smart a birnin Salt Lake na jihar Utah aka sace ta, tana da shekara 14. Watanni suka shuɗe, ba ita ba labarinta. Daga baya ƙanwarta, wadda suke ɗaki ɗaya a daren, ta tuna cewa muryar da ta ji ta wani mutum ce da ya taɓa yin aikin kwana ɗaya a gidansu. Iyayen suka fitar da zanen fuskarsa, shirin America's Most Wanted ya nuna, danginsa suka gane shi suka ba da hotunansa na gaske. Ranar 12 ga Maris 2003 wasu masu wucewa a garin Sandy suka gan shi a titi tare da mata biyu da suka rufe fuska, suka kira 'yan sanda. Ɗaya daga cikin matan Elizabeth ce, da ranta, bayan wata tara. Wanda ke gabatar da shirin nan, John Walsh, shi ma uba ne da aka sace wa ɗa aka kashe a Florida a 1981, kuma shirin nasa cigiya ce tsagwaronta: ga fuska, ga lambar waya.

A batun Gabby ma haka ta faru, sai dai an makara. Tana da shekara 22, suna zaga Amurka a farar motar da suka mayar ɗakin kwana ita da saurayinta Brian Laundrie. Ya koma gida Florida ranar 1 ga Satumbar 2021 da motar, babu ita. Ranar 11 ga wata iyayenta suka kai rahoto. Da hoton motar ya cika ko'ina, wasu ma'aurata masu yawon buɗe ido suka koma suka binciki bidiyon da suka ɗauka a ƙarshen Agusta, sai ga motar a fake gefen wata hanya a dajin Bridger-Teton na jihar Wyoming. A kusa da wurin aka tsinci gawarta ranar 19 ga Satumba. Likitan binciken gawa ya ce shaƙe ta aka yi.

Ki lura da abin da ya haɗa labaran biyu. An ba jama'a wani abu da ido zai iya ganewa, kuma an ba su shi tun lamarin yana da zafi. Ba hasashen mai sharhi ne ya gano kowa ba.

To yanzu ki dubi Natalee Holloway. 'Yar jihar Alabama ce mai shekara 18, ta ɓata ranar 30 ga Mayun 2005 a tsibirin Aruba, inda suka je shagalin gama sakandare. Tashoshin Amurka masu labarai dare da rana suka tare a tsibirin. Masu gabatar da shirye-shirye irin su Greta Van Susteren ta Fox News da Nancy Grace suka mayar da batun abin kowane dare har tsawon watanni. Fuskarta ta shiga kowane gida tun makon farko, wato aikin cigiya ya ƙare. Me ya rage a cika sa'o'in da shi? Zato. A farkon binciken an kama wasu baƙar fata biyu, tsofaffin masu gadin otel, saboda samarin da aka gan ta da su sun karkatar da zargi gare su. Aka nuna su ga duniya, bayan 'yan kwanaki aka sake su, ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Shi kuwa wanda ake zargi na gaske, Joran van der Sloot ɗan ƙasar Holan, ya gane cewa labarinsa haja ce. Ya riƙa sauya zance daga wannan kyamara zuwa waccan. A 2010 ya nemi mahaifiyar yarinyar ta biya shi dala 250,000 ya nuna mata inda gawar take, ya karɓi 25,000, ya ba da bayanin ƙarya. A wannan shekarar ya kashe wata budurwa, Stephany Flores, a birnin Lima na Peru, ranar da Natalee ta cika shekara biyar cif da ɓata. Sai a Oktoban 2023 ya amsa cewa shi ya kashe Natalee, kuma ba a gaban kyamarar wani shiri ba: a cikin yarjejeniyar amsa laifi ce a kotun tarayya da ke Birmingham ta Alabama. Har yau ba a ga gawarta ba.

Wannan neman wanda za a ɗora wa laifi shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin labari ba ya tafiya sai da mugu, idan kuma 'yan sanda ba su ba da shi ba, shirin zai samo nasa. A batun Elizabeth Smart, kafin a gano gaskiya, wani mai gyare-gyare da ya taɓa aiki a gidansu aka sa a gaba saboda yana da tsohon tarihin laifi. Ya rasu a tsare a Agustan 2002 sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, duniya tana masa kallon ɓarawon yarinya, alhali ba shi da hannu. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda ya zama ƙarya a gaban miliyoyin mutane. Yanzu da kowa ke riƙe da kyamara a aljihu abin ya ƙara muni: lokacin da Nicola Bulley ta ɓata a Ingila a Janairun 2023, masu neman mabiya a TikTok suka cika ƙauyen suna leƙa gidajen mutane, har sai da 'yan sanda suka ba da umarnin korar su. Bincike ya tabbatar faɗawa kogi ta yi ta nutse, babu hannun kowa.

Sai tambayarki ta biyu, kuma idonki bai yaudare ki ba. A 2004 wata fitacciyar 'yar jarida baƙar fata, Gwen Ifill ta tashar PBS, ta raɗa wa abin suna a wani taron 'yan jarida, ta kira shi wata irin cuta da ke kama gidajen labarai duk lokacin da farar mace ta ɓata. Sunan ya zauna saboda kowa ya san gaskiya ta faɗa.

A Amurka ana shigar da rahoton ɓatan mutane fiye da rabin miliyan a shekara. Mafi yawansu ana ganin su cikin ɗan lokaci, amma waɗanda suka rage ma sun fi ƙarfin kowace tasha, don haka dole a zaɓa. Wanda bai taɓa zama a ɗakin labarai ba yakan ɗauka ana zaɓen ne da girman musiba. A'a. Tambayar farko da edita ke yi ita ce: muna da hoto? Talabijin ba ya rayuwa sai da abin nunawa. Gabby ta bar bidiyonta a YouTube, ta bar hotuna birjik a Instagram tana murmushi a bakin duwatsu, ga kuma bidiyon kyamarar jikin 'yan sanda na fiye da sa'a guda. An samu abin cika makonni ba tare da an kashe ko sisi ba. Tambaya ta biyu, wadda ba a cika furtawa ba, ita ce: masu kallonmu za su ga 'yarsu a fuskarta? Masu kallon da masu talla ke biya domin su, da editocin kansu, galibi farare ne masu rufin asiri. Sai a ƙara da ƙarfin iyaye: wa zai iya barin aiki ya tare gaban kyamara wata guda, wa zai iya ɗaukar lauya da kakaki? Sannan akwai alƙalamin ɗan sanda. Idan ya rubuta cewa yarinya guduwa ta yi daga gida, magana ta mutu tun kafin ta isa gidan jarida, kuma 'ya'yan talakawa da baƙar fata su aka fi yi wa wannan rubutun.

Tamika Huston baƙar fata ce mai shekara 24, ta ɓata a Spartanburg ta jihar Carolina ta Kudu a 2004. Innarta ƙwararriya ce a harkar hulɗa da 'yan jarida, ta san lambar da za ta kira da irin takardar da za ta aika. Ta yi ta bugawa, ta yi ta aikawa, manyan tashoshi suka yi kunnen uwar shegu. A bazarar da ake kwana a kan Natalee, LaToyia Figueroa, wadda ita ma ba farar fata ba ce, ta ɓata a Philadelphia da cikin wata biyar, sai da masu rubutu a intanet suka yi ta surutu kafin a waiwaye ta. A Wyoming ɗin da aka tsinci Gabby kuwa, wani rahoton jihar da ya fito a farkon 2021 ya ƙirga mutum 710 'yan ƙabilun asali na Amurka da aka ba da rahoton ɓatansu tsakanin 2011 da 2020. Nawa daga cikinsu kika taɓa jin sunansu? Ba ina cewa an yi wa Gabby abin da ya wuce haƙƙinta ba ne. Mahaifinta da kansa, 'yan kwanaki bayan an ga gawarta, ya tsaya gaban 'yan jarida ya roƙe su su yi wa sauran waɗanda suka ɓata irin abin da suka yi wa 'yarsa. An ɗan samu motsi: labarin Tamika ne ya zaburar da kafa gidauniyar Black and Missing a 2008, jihar California kuma ta fara wata sanarwar gaggawa ta musamman a 2024 domin matasa baƙar fata da suka ɓata.

Game da jin laifin da kike yi, ban ga laifi a kallon kansa ba. Mata ne suka fi kallon irin waɗannan shirye-shirye, kuma da yawansu suna kallo ne don su san ta inda haɗari ke ɓullowa. Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne, shirye-shiryen sun fi son baƙon mugu mai laɓewa a duhu, saboda ya fi ba da tsoro. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 sun nuna cewa cikin mata da 'yan mata kusan 85,000 da aka kashe da gangan a duniya, kimanin 51,000 miji ne ko saurayi ko ɗan uwa ya kashe su.

Don haka idan kina son abin ɗauka daga labarin Gabby, ki koma bidiyon kyamarar jikin 'yan sanda na ranar 12 ga Agustan 2021 a garin Moab na Utah. Wani ya kira 'yan sanda ya ce ya ga namiji yana marin mace. Aka tare motarsu. Ki dube ta da kyau: tana kuka har numfashinta na sarƙewa, tana ba da haƙuri, tana ɗora wa kanta laifin komai, tana cewa ita ce mai matsala. Shi kuwa yana tsaye a natse, yana hira da jami'an har da murmushi. Aka ɗauke ta a matsayin wadda ta fara kai hannu, aka raba su na dare ɗaya, shi aka kai shi otel, ita aka bar ta da motar. Bayan kamar mako biyu ta mutu. Binciken da aka yi daga baya ya ce jami'an sun yi kurakurai. Duk mai 'yar'uwa ko ƙawa da ke yawan kare wanda ke cutar da ita, tana cewa "ai ni na ja", ya kamata ya san wannan fuskar. Kuma idan wani naki ya ɓata, babu wata dokar jiran sa'a 24 a Amurka ko Ingila kamar yadda finafinai ke nunawa. Awannin farko su ne mafi muhimmanci.

In shiri ya zo miki, ki tambayi kanki ko akwai abin da ake so ki gane ki kai rahoto, ko kuwa ana so ne kawai kada ki sauya tasha. Ki duba ko abin da ake faɗa ya fito daga kotu da masu bincike, ko daga bakin wanda aka gayyato ya yi hasashe. Kada ki tura sunan wanda ake zargi ko hotonsa kafin hukuma ta tuhume shi.

Abu na ƙarshe game da shirin da ya hana ki barci, wanda ya fito a Fabrairun 2025. Muryar da kika ji tana karanta saƙonnin Gabby da rubuce-rubucenta ba tata ba ce. Da fasahar ƙirƙirarriyar basira aka kwaikwayo ta daga tsofaffin bidiyonta. Masu shirin sun rubuta hakan a allo, sun kuma ce iyayenta sun amince, amma mutane da yawa sun ƙi abin, ni ma ina cikinsu. Kalaman nata ne, sai dai yadda aka furta su, inda murya ta yi rawa da inda ta yi sanyi, wasu ne suka zaɓa mata shekara uku da rabi bayan rasuwarta.